Baƙin Tabo a Hoton Nonona

Na fi shekara ashirin ina koyar da yara a lakwal a Dogon Dutsi, kuma in akwai abin da na yi suna a kansa a unguwarmu, to faɗa ne da masu jiƙe-jiƙe da shafe-shafe. Mace ta zo wucewa da yaro jikinsa rau da zazzaɓi, an labta masa toka a goshi, sai in tsayar da ita a bakin hanya in wanke ta tas kafin in kora ta likita. Na fara da faɗin wannan ne don a san irin bakin da nake da shi kafin abin ya zo kaina.

Wata safiya bayan an gama girbin hatsi, ina wanka zan tafi aiki, yatsana ya ci karo da wani ƙullutu a ƙasan nonona na hagu. Girmansa bai wuce ƙwarar gujiya ba, kuma ba ya ciwo. Na danna, na saki, na sake dannawa, yana nan. Na tsaya da soso a hannu har kumfar jikina ta bushe.

Ba ƙullutun kansa ya tsorata ni ba, abin da na taɓa gani ne. Ina da shekara goma sha biyu ƙanwar mahaifiyarmu ta kwanta da ciwon nono. Ni ake aika in kai mata ruwa, don manya ba sa iya daɗewa a ɗakin saboda wari. Ciwon daji ne, amma ba a kiran sunansa da ƙarfi a gidanmu. Ta yi damina ɗaya da rani ɗaya tana fama, sannan Allah ya karɓi abarsa. Tun daga ranar da na taɓa ƙullutun nan, warin ɗakin ya dawo mini a hanci, har a cikin aji ina rubutu a allo.

Kwana tara na yi ban gaya wa kowa ba. Ni da ke tura mutane likita da tsawa, sai ga ni ina bi ta bayan likitar don kada ƙafata ta kai ni ciki. A rana ta goma na je wurin ungozomar da ta karɓi haihuwata ta ƙarshe. Ta lalluba, ta rubuta mini takarda zuwa Doso. A Doso aka shafa mini wani abu mai sanyi aka yi ekografi, hoton da ke nuna cikin jiki a allo, mai yin ya ce yana ganin abu amma bai iya cewa ruwa ne ko tsoka ba. Aka tura ni Yamai. A Yamai aka matse nonon tsakanin faranti biyu har na kusa zagin wadda ke matsewar, hoton ya fito, shi ma aka ce naman nonona ya cika kauri, bai nuna sarai ba.

Lokotoron da ta duba ni mace ce, doguwa, ba ta iya kwana-kwana ba. Ta ce saura hoto ɗaya da ake kira IRM, wanda ake shigar da mutum cikin inji a sa masa wani ruwan magani a jijiya. In ƙullutun ya sha ruwan ya yi haske, za a yanki kaɗan a auna, kuma in daji ne, mai yiwuwa a cire nonon duka. In bai sha ba, da sauƙi. Ta faɗi haka tana kallon idona, na ji haushinta a lokacin, daga baya na gode mata. Aka ba ni rana, sati uku gaba, na koma gida jira.

Kwana biyu da dawowata sai ga Yaya. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ta girme ni da shekara goma, tana aure a wani ƙauye kusa da Lugu. Ita ba a sa ta lakwal ba, kuma ita aka yi wa tsagen Arawa daga gefen baki har kunne, ni kuwa kafin a haife ni babanmu ya dawo gari ya hana. Tun da na fara koyarwa take ce mini Madam, ba don girmamawa ba. Ban san wanda ya kai mata labari ba. Ta sauko daga bayan babur da ƙullin kayanta, ta sha ruwa, ta ja ni ɗaki ta tura ƙofa.

"Madam, buɗe in gani."

Na buɗe. Ta taɓa da hannunta mai kaushin hauya, a hankali ƙwarai, yadda ban san ta iya ba. Sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan gwangwanin tumatir an toshe bakinsa da tsumma. A ciki akwai wani abu baƙi ƙirin mai maiƙo, yana ƙanshin man shanu da hayaƙi.

"Na tsohon maƙerin garinmu na," in ji ta. "Ya ce dut abin da yat taurare cikin jiki, wanga shika narkar da shi. Ki shahwa sahe da marece. Kar sabuni ya taɓa wurin har kwana ashirin da ɗaya."

Na ce mata ta mayar da kayanta. Na yi mata jawabin da na saba yi wa matan unguwa, ban rage ko kalma ɗaya ba. Ta saurare ni har na gama, ta ajiye gwangwanin a kan taga, ta fita alwala. Da ta idar da salla ta dawo ta tarar na riga na shafa.

Har yau ba zan ce na yarda da maganin ba. Tsoro ne ya fi ni baki. Na ce wa kaina mai ne kawai da toka, in bai yi amfani ba, ba zai cuce ni ba. Ban tambayi abin da aka haɗa a ciki ba, don ba na son in sani. Yaya ta zauna wurina sati ukun nan cur, ita ke shafa mini da safe kafin in tafi aiki, ta ɗaure da tsumma, da marece ta sake. In ina wanka sai in kewaye wurin kamar mai shara tana kewaye ƙafar baƙo. Mijina ya ga tsumman, ya ɗaga gira, na kalle shi, ya sauke.

Ranar tafiya Yaya ta ce da ita za a je. Muka shiga motar safe, muka wuce Doso, muka isa Yamai da azahar, muka sauka gidan wani ɗan ƙanen babanmu. Washegari kafin mu fita na shiga bayi na goge maganin da busasshen tsumma har na daina ganin baƙi. Sabulu ban sa ba, don saura kwana biyu wa'adin tsohon ya cika, kuma bayan na kai nan ban ga dalilin ɓata shi ba. Abin da ya dame ni kawai shi ne kada ma'aikatan likita su gani su san Madam ma tana shafe-shafe.

Wadda ke aiki da injin mace ce mai jiki, za ta kai shekara arba'in, fuskarta da zanen Barebari. Tana ganin tsagen Yaya ta washe baki.

"Yau bayina sun zo gaishe ni," in ji ta. "Arawa, me kuka kawo wa uwar gijiyarku?"

"Mun kawo miki aiki, ki ci abinci," in ji Yaya. "In ba don mu ba mi za ki ci?"

Tsakaninmu da Barebari akwai wannan wasa tun kaka da kakanni, ko a ina aka haɗu. Na ɗan ji sanyi da na ga a hannun abokiyar wasa na faɗo. Ta zaunar da ni ta ɗauko takarda, ta daina dariya. Ta ce injin nan babban mayen ƙarfe ne, ba a kashe shi dare da rana, duk wani ƙarfe da ya shiga ɗakin sai ya jawo shi. Ta shiga jero tambayoyi. An taɓa yi mini aiki an bar ƙarfe a jiki? Haƙorin ƙarfe? Allurar kitso, 'yan kunne, laya, guru, jigida mai waya? Na cire 'yan kunne da zobe, na zare fil ɗin ɗankwali, na amsa sauran da a'a, ina jin kaina mace mai ilimi da ba sai an maimaita mata ba. Har kwallin idona ta sa na wanke. Maganin tsohon ko a raina bai zo ba a lokacin, don a wurina mai ne, kuma na goge shi.

Ɗakin sanyi gare shi kamar randa. Injin fari ne, da rami a tsakiya iyakar shigar mutum a kwance. Ta sa mini allura a jijiyar hannu da siririn tiyo, ta ce sai can tsakiyar aikin za a tura ruwan. Aka kwantar da ni rub da ciki a kan wani gado mai ramuka biyu, kowane nono ya sauka cikin nasa ramin, hannuwana a miƙe gaban kaina. Ta toshe mini kunnuwa, ta damƙa mini wata 'yar roba ta ce in matsa in na ji abin da ban gane ba. Ta ce kada in motsa ko kaɗan. Gadon ya shige da ni ciki.

An gaya mini akwai ƙara, amma ba a gaya mini irinta ba. Wani lokaci kamar mata goma suna daka a turmi ɗaya, wani lokaci kamar injin niƙa ya haɗiye dutse. Ina cikin karanta abin da ya sawwaƙa sai na ji ƙasan nonon hagu ya ɗan ɗumama, da wani ɗan tsikari. Na ce a raina ciwon ne ya ji an zo nemansa. Ban matsa robar ba. Ƙarar ta tsaya, muryar matar ta fito daga wani wuri a saman kaina.

"Tanti, kar ki motsa, zan sake daidaita injin."

Aka sake. Aka kuma tsayawa, ta sake faɗin haka, aka sake. A karo na uku gadon ya fito da ni. Ta zare allurar ba tare da an tura ruwan ba, ta ce in sa rigata in jira ta a waje. Fuskarta ba wasa.

Hanyar fita ta bi ta bakin ɗan ɗakin da take zama, ƙofar a buɗe. Na leƙa, don ni ba a hana ni leƙe. A allon na'urarta na ga nonuwana biyu a rataye. Na dama ya fito toka-toka da zare-zare a ciki, kowane abu a wurinsa. Na hagu kuwa rabinsa babu. Wani baƙin rami ya cinye shi daga ƙasa har kusan tsakiya, bakin ramin da wani farin haske a karkace. Daidai inda ƙullutun yake.

Ban san yadda na kai bencin da Yaya ke zaune ba. Na ce mata, "Ya cinye rabi." Ta kama hannuna ta riƙe. Ban yi kuka ba. Na zauna ina tunanin autata da ke shirin jarrabawa, da wanda zai riƙa yi mata kitso. Na tuna na bar wa makwabciya ajiyar kajina na kwana uku kawai. Na ga kaina a ɗakin ƙarshe na gidanmu, ana aiko yarinya da ruwa tana toshe hanci. Muka yi kusan rabin awa a haka, mutane suna wucewa da takardunsu.

Sai ga matar ta fito, ta jawo kujera ta zauna gabanmu.

"Tanti, na ga kin leƙa. Wannan baƙin da kika gani ba ciwo ba ne."

Na ce to mene ne.

"Wuri ne da injin bai ji komai ba."

Ta yi mini bayani, kuma na riƙe shi don ban taɓa sauraren darasi da kunne irin na ranar ba. Ta ce injin ba ya gani kamar ido. Kira yake aikawa cikin jiki, irin igiyar da ke kawo magana cikin rediyo, jiki ya amsa, ramukan nan biyu da na kwanta a kai su saurari amsar, daga nan a haɗa hoto. In ana son hoto mai kyau, dole kiran ya isa ko'ina daidai wa daida. Ta ce nono yana da wuyar sha'ani a nan, don biyu ne, a gefe da gefe, ga ƙirji a tsakani. Sau da yawa kiran yakan isa ɗaya da ƙarfi ya isa ɗayan da rauni, sai ɗaya ya fito da haske ɗaya ya yi duhu-duhu, har a kasa gane ko ƙullutu ya sha ruwan magani ko bai sha ba. Shi ya sa injin nasu yake aika kiran ta wuri biyu, kuma kafin a fara sai ta auna jikin kowace mace, ta ƙara wa wannan gefe ta rage wa wancan, don jikin wata ba na wata ba ne.

"Da na ga duhun na ɗauka wannan ne," in ji ta. "Na daidaita, na sake daidaitawa. Irin wancan duhun yana washewa in an gyara. Naki ko gezau. Kuma baƙi mai farin baki haka, abu ɗaya na sani yana kawo shi. Akwai ƙarfe a jikinki, Tanti."

Na ce babu. Na ce da ƙarfi ma, har da ɗan fushi. Ta ce in tuna, ko allura ta taɓa karyewa a jikina ina yarinya. Na ce ni malama ce, na san ƙarfe in na gan shi. Ta juya wurin Yaya, ta sassauta murya ta koma wasa.

"Inna, ku Arawa ba a raba ku da ƙulle-ƙulle. Me kuka ɗaura mata?"

"Ba mu ɗaura mata komi ba," in ji Yaya. "Maganin tsohon maƙeri ɗai munka shahwa, shi ko mai na."

Da ƙasa za ta tsage da na shige. Matar ba ta kalle ni ba, kuma na ga kirkinta a nan. Ta tambaya ko maganin yana kusa. Yana cikin ƙullin Yaya, don da marece za a shafa. Ta lakato kaɗan da tsinke ta shafa a 'yar takarda, ta shiga ofis ta ciro ɗan mayen ƙarfen da suke manne sanarwa da shi a jikin kabad, ta kusanto da shi. Takardar ta yi tsalle ta manne.

Na san wannan darasin. Kowace shekara ina yi wa 'yan aji biyar shi, in zuba yashi a takarda in bi da mayen ƙarfe a ƙasa, su ga baƙin gari yana bin sa suna ihu. Ɓarɓashin da ke zuba a gindin uwar maƙera in ana dukan jan ƙarfe, shi tsohon ya niƙa ya kwaɓa da man shanu da sassaƙe. Sati uku ana cusa shi a fatata safe da marece ba sabulu. Tsummana ya ɗauke na sama, ya bar wanda ya shige lanƙwasar ƙasan nono.

Na tambaye ta, don in tabbata na ji daidai, ko ramin da na gani ba ya nufin komai game da ƙullutun. Ta ce ba ya nufin komai, ba mai kyau ba, ba marar kyau ba, ba a dai gan shi ba tukuna. A nan ne kukan ya zo. Ba a ce mini na warke ba, an dai mayar da ni inda nake da safe, mace mai ƙullutu kamar gujiya da ba a san ko mene ne ba. Amma rabin awa da ta wuce ni gawa ce, don haka wannan ya ishe ni murna. Ina kuka ina dariya, majina tana zuba, mutane suna kallo.

Ta bari na lafa sannan ta yi mana faɗa, mu duka biyu. Ta tambaya ko na ji zafi a ciki, na ce ɗan ɗumi. Ta ce don me aka ba ni robar. Ta ce da abin ya fi haka yawa da zai iya ƙona ni, kuma duk abin da mutum ya shafa ko ya sha ya faɗa, su ba alƙalai ba ne. Ta ba ni jibi da safe. Ta ce a wanke wurin da sabulu da ruwan ɗumi har sai farin tsumma ya fito fari.

Muna isa masauki Yaya ta ajiye ƙullinta. Ta hura wuta da kanta ta ɗora ruwa, ta aika aka sayo sabulun salo da sabon soso. Ta zaunar da ni a kan kujera 'yar tsugune a bayi kamar yarinyar da za a kai suna. Rabon da ta yi mini wanka tun ina shekara biyar. Ta cuɗa, ta ɗauraye, ta goga farin ƙyalle, ta kai shi haske ta duba, ta sake cuɗawa. Fatar ta yi ja tana raɗaɗi, ban hana ta ba. A wanki na uku ta tsaya, soson a hannunta, kanta a sunkuye.

"Na so in kashe ki da hannuna," in ji ta.

Na ce ba ita ta shafa na farko ba, ni ce. Na ce ko da ba ta kawo ba, yadda nake a kwanakin nan, da wani ya ce in shafa kashin jaki da na shafa. Ta ɗan yi murmushi, ta ci gaba da cuɗa. Washegari ma sau biyu ta wanke.

Ranar da muka koma matar ta duba wurin da idonta, ta goga auduga, sannan ta kwantar da ni. Ƙarar nan dai ita ce, amma ba ɗumi, ba tsayawa. Can tsakiya na ji sanyin ruwan maganin yana hawa hannuna. Na riƙe robar kamar raina a ciki yake. Da aka fito da ni ta ce hoto ya yi kyau, gefen biyu sun fito daidai, abin da ke ciki kuma aikin lokotoro ne, ba za ta faɗa ba. Na roƙe ta da zumuncin wasa, ta ce baiwa ba ta ba uwar gijiya umarni.

Kwana uku muka jira. Ban iya tuna abin da na ci a kwanakin ba.

Lokotoron ta juyo mini da allonta. Wannan karon nonon hagu cikakke ne, har na gane shi. A ƙasansa ga abin nan, ɗan kewayayye, bakinsa sumul kamar an zana da kwabo. Ta nuna mini hoton kafin ruwan magani da na bayansa. Ta ce in duba da kaina, ya canza? Na duba, na sake dubawa. Bai canza ba. Ta ce bai sha ba ko kaɗan. 'Yar jaka ce ta ruwa, ruwan ya yi kauri, shi ya rikita hotunan farko. Ba daji ba ne.

Na ce ta sake faɗa. Ta sake. Na ce ta faɗa wa Yaya da Hausa, ko da yake da Hausar ta faɗa.

A ranar ta sa aka kai ni ɗakin ekografi, ta soka siririyar allura tana kallon allo, ta zuƙo ruwan. Bai cika cokali ba, launinsa kamar shayin da ya kwana. Ta ce in taɓa. Na kai yatsa inda na saba kai shi sau hamsin a rana tun bayan girbi, na danna, na laluba hagu da dama. Babu komai sai nama. Ta ce in dawo bayan wata shida a sake dubawa, kuma in na ji wani ƙullutun kada in yi kwana tara. Na zauna a bakin gadon na ɗan lokaci. Daɗin da na ji ba irin na biki ba ne. Kamar an sauke mini tulu ne daga ka bayan doguwar tafiya, wuya yana ciwo amma iska tana taɓa tsakar kai.

Muna fita ƙofar likitar bakin Yaya ya dawo.

"To, Madam, kin gani. Da tauri yat taho, maganin tsoho ya maishe shi ruwa."

Na buɗe baki zan fara, na tuna takardar da ta yi tsalle, na tuna wankan, na rufe. Na ce ta dai bar gwangwanin a Yamai. Ta ce ta riga ta jefa shi a masai tun shekaranjiya.

Washegari muka kama hanyar gida. Na samu wurin taga, Yaya a gefena da ƙullinta a cinya. Mun wuce Birnin Gaure ta fara kwance ƙullin, ta tura hannu can ƙasa, ta fito da wani abu a naɗe cikin ɗankwali ta ajiye mini a cinya ba tare da ta kalle ni ba. Na warware. Wani ɗan matashi ne, kewayayye, mai tudu a tsakiya, an ɗinka shi da hannu da ƙyalle mai laushi ruwan ƙasa, an cusa masa audugar rimi. Ɗinkin ƙanana ne, a jere, irin wanda ke cin kwanaki. Na juya shi sau biyu kafin in gane.

"Na ce in sunka cire, sai ki sa cikin riga," in ji ta, idonta a kan hanya. "Kar ki shiga gari mutane suna kallon ki. Can gidanki nid ɗinka shi, in kin tahi lakwal."

Na riƙe shi da hannu biyu. Duk sati ukun nan da take shafa mini magani tana ce mini zai narke, ashe in na fita tana zaune tana wannan. Sai na kara shi a ƙirjina na dube ta.

"Yaya, wannan ai ya yi biyun nawa."

"Na ce ko a ƙarshe ki samu na kirki," in ji ta.

Muka yi dariya har matar da ke gabanmu ta waiwayo, hawaye yana bin tsagen Yaya yana gangarawa wajen kunne, tana sharewa da bakin mayafi. Da muka yi shiru na sa matashin tsakanin kaina da gilashin taga na jingina. Ban farka ba sai da ta taɓa ni ta ce ga duwatsun garinmu.